DARASIN AIKIN HANNU: BIKIN CIKA SHEKARA ƊAYA A ƘASAR KORIYA

Manufa

Yara su san yadda wata al'umma take murnar ranar haihuwa, su kuma gane cewa tushen bikin shi ne godiya domin rai.

Gabatarwa

A garin Bauchi, daga Yelwa zuwa Gwallameji, bikin ranar haihuwa ya zama ruwan dare. Ɗan mai hali yakan kai kek da lemo makaranta, ɗan talaka kuwa ya sunkuyar da kai, wani ma bai san kwanan watan da aka haife shi ba. Wannan darasi zai taimaki malamin yara ya sa kowane yaro cikin murnar.

Al'adar Koriya

Mutanen Koriya suna kiran bikin cikar jariri shekara ɗaya "doljanchi". A zamanin dā cututtuka sukan kwashe jarirai da yawa tun ba su shekara ba, saboda haka wanda ya kai kwana 100 akan yi masa ƙaramin biki, wanda ya cika shekara kuwa sai dangi su taru. Akan zaunar da shi gaban teburi, a jera masa kaya: zare alamar tsawon rai, alƙalami alamar ilimi, kuɗi ko shinkafa alamar wadata. Abin da ya fara ɗauka, shi ake yi masa fata da shi.

A ranar haihuwa kuma sukan sha miyar wani ganyen teku, wadda mai jego take sha a can kamar yadda ake ba ta kunun kanwa a ƙasar Hausa. Da haka ake tuna wahalar uwa. A bisa tsohon lissafinsu, jariri yana da shekara ɗaya tun ranar da aka haife shi, amma daga 28 ga Yuni, 2023 dokar Koriya ta Kudu ta koma ga irin lissafin sauran duniya.

Kayan Aiki

Faifai, yumɓu, kwali, zare, almakashi, fensir mai launi da ƙullin sitaci domin manne takarda. Ban da yumɓu, duk ana samunsu da araha a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal.

Yadda Za A Yi

1. A raba yara rukuni-rukuni, biyar ko shida a kan faifai ɗaya.
2. Su gina alƙalami da ƙaramar tasar shinkafa da yumɓu, su yanka kuɗin wasa daga kwali, su naɗe zare a tsinke.
3. A shanya aikin a inuwa, domin zafin rana yakan tsaga yumɓu.
4. Kowane yaro ya rubuta sunansa da ranar haihuwarsa a kati, ya ƙara kalmar godiya ga mahaifiyarsa ko wadda ta rene shi.

Gargaɗi Ga Malami

A bayyana wa yara cewa faifan nan ba na duba ba ne. Allah kaɗai ya san gobe. Yaron da bai san kwanan watansa ba kada a bari a yi masa dariya. Sau da yawa sunansa yakan faɗi ranar: Ladi da Ɗanladi Lahadi, Talatu Talata, Jummai da Ɗanjuma Jumma'a. Ya rubuta wannan, malami kuma ya shawarci iyayen su nemi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, gama za a bukace ta wajen shiga makaranta.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutanen Koriya suka ɗauki shekarar farko da muhimmanci?
2. Ina kamancin wannan biki da bikin suna na kwana bakwai?
3. Wa ya kamata a gode wa a ranar haihuwa?

A ƙarshe kowane yaro ya tafi gida da katinsa, ya miƙa shi da hannu biyu.