Shekara Biyun da Aka Manta da Yusufu

Karatun yau: Farawa 40:1 zuwa 41:14

Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai shekara 30 ya tsaya a gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan yana tsakanin bauta da kurkuku. Yau za mu duba shekara 2 na ƙarshe, inda haƙurinsa ya sha gwaji sosai.

A kurkuku Yusufu ya fassara mafarkin mai shayar da Fir'auna, ya kuma roƙe shi ya ambace shi a gaban sarki. Bayan kwana 3 aka mai da mutumin bakin aikinsa, daidai yadda Yusufu ya faɗa. Amma da ya ji daɗin fada, sai ya manta da shi har shekara 2 cur.

Wataƙila kai ma a nan kake. Ka gama bautar ƙasa, takardunka na kwance a akwati, wanda ya yi maka alkawarin aiki ya daina ɗaukar wayarka. Ko ke 'yar'uwa, kin yi shekaru da aure babu haihuwa, dangin miji sun fara habaici. Ko rashin tsaro ya raba ku da gonarku. A irin wannan lokaci ne Shaiɗan yakan raɗa wa mai bi cewa ya leƙa gidan boka, ko ya bi ta bayan fage.

Lura da abu biyu.

Na farko, jinkirin yana cikin shirin Allah. Da mai shayarwar ya tuna tun makon farko, da wataƙila sakin Yusufu kawai za a yi, ya kama gabansa. Ranar da Fir'auna ya yi mafarkin shanu 7 da zangarku 7, ina za a same shi? Ubangiji ya ajiye shi inda za a ɗauko shi da gaggawa, domin ceton Masar da gidan Yakubu daga yunwa.

Na biyu, haƙuri ba naɗe hannu ba ne. Yusufu ya riƙe amanar da shugaban kurkuku ya ba shi. Yana cikin nasa baƙin ciki, ya lura da fuskokin 'yan sarƙa biyu, ya tambayi damuwarsu. Ta wannan tambaya ƙofarsa ta buɗe daga baya. Kai ma ka riƙe ƙaramin aikin da ke hannunka da aminci, kada ka bar addu'a da zumuntar 'yan'uwa. Mahaƙurci mawadaci.

Tambayar nazari: Ga wa ka ɗora begenka, ga mai shayarwa ko ga Ubangiji?

Addu'a: Ya Uba, ko mutane sun manta da ni, na sani kana tare da ni. Ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni jimiri, ka tsare ƙafata daga karkatacciyar hanya har ranar da ka shirya. Cikin sunan Yesu, amin.