Tabarau Mai Canza Launi Ba Ya Bin Umarnin Idonka

A cikin gilasan da muke yanka wa mutane a ɗakin gwajin ido, babu wanda ya kai mai canza launi farin jini. Mutum ya fita rana ya ga ya yi duhu, ya shiga inuwa ya ga ya washe, sai ya ji ya sami tabarau ɗaya da ya ɗauke masa nauyin biyu. A zirga-zirgar cikin gari wannan ba laifi, ni ma nakan ba da shawararsa. Inda nake taka wa mutum birki shi ne idan ya ce mini da wannan tabarau ɗin na yau da kullum zai hau Kilimanjaro, ko zai je wasan zamiya a dusar ƙanƙarar tsaunukan Alps, ko zai tashi da laima a bikin Kwahu na ƙasar Gana, wanda ake yi lokacin Ista tun 2005. Masu irin wannan niyya ba su da yawa a cikinmu, amma suna zuwa, galibinsu ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a ƙasashen waje, kuma kusan dukkansu da kuskuren fahimta iri ɗaya suke shigowa: sun ɗauka gilashin yana duhu ne saboda haske ya dami idonsu.

Gilashin bai san abin da idonka ke ji ba. Abin da ke tayar da shi shi ne hasken ultrabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani. A farkon shekarun 1960 wasu masana biyu na kamfanin Corning a Amurka, William Armistead da Donald Stookey, suka cusa ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa a cikin gilashi, waɗanda ke yin baƙi idan ultrabayolet ya taɓa su, su koma garau idan ya ɗauke. A farkon shekarun 1990 fasahar ta bazu zuwa gilashin roba, wanda shi yawancin mutane ke sawa yau. A cikinsa wasu ƙwayoyin rini ne ke buɗewa idan hasken ya buge su, buɗewar tasu ita ce duhun da kake gani. Abin da ke mayar da su su rufe kuwa zafi ne. Ke nan iyayen gida biyu gare shi, ultrabayolet yana tura shi duhu, zafi yana janyo shi haske, launin da ka gani a fuskarka shi ne inda ja-in-jar tasu ta tsaya.

Shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, mutum zai dawo mana rai a ɓace. "Likita, wannan gilashin da kuka ba ni ai jabu ne, rana tsaka ko rabin duhu ba ya yi." Sai in ɗauki gilasai biyu iri ɗaya, in sa ɗaya a firji na ɗan lokaci, in bar ɗaya ya ɗumama a taga, sannan in fitar da su rana tare a gabansa. Kafin minti ɗaya mai sanyin ya yi baƙi ƙirin, mai ɗumin ya tsaya a ruwan toka. Mu koma ciki, mai ɗumin ya washe, ɗayan yana nan da duhunsa yana jan ƙafa. Nakan ce, "Alhaji, ka san man kaɗe da hunturu, sai an yi haƙuri kafin ya saki. To, haka shi ma." A kan dutse wannan hali ne ke aiki gaba ɗaya, domin duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Gilashin zai yi duhu fiye da yadda ka saba gani, wannan riba ce, amma zai daɗe kafin ya washe, kuma a nan haɗarin yake.

Ido yana shan wuya a saman dutse fiye da ƙasa, ko da kuwa jiki na jin sanyi. Iskar da ke tace hasken rana tana siranta da hawa, don haka ultrabayolet na ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000. Wanda ya tsaya a kan Chappal Waddi a jihar Taraba, mai tsayin mita 2,419, ya riga ya sha ƙari mai yawa. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, Kilimanjaro kuma mita 5,895 ne. Idan akwai dusar ƙanƙara sabuwa, tana iya mayar da har kashi 80 cikin 100 na wannan haske sama, ya shigo ta ƙarƙashin tabarau, inda gira da hula ba su da abin yi. Busasshen yashi kashi 15 kawai yake mayarwa. Gajimare mai sauƙi kuwa ba garkuwa ba ne, yawancin ultrabayolet ɗin yana ratsa shi. A ranar da sama ta lumshe ma ana cutuwa, saboda a ranar ce mutum ke cire tabarau ya sa a aljihu.

Haka ta faru a dutsen Annapurna a 1950, lokacin da Faransawa suka fara kaiwa ƙololuwarsa. Lionel Terray da Gaston Rébuffat, ƙwararrun jagororin hawa, sun cire tabaransu a cikin hazo don su ga hanya, washegari suka wayi gari ba sa iya buɗe ido. Reinhold Messner ma, a 1978, sa'ad da shi da Peter Habeler suka hau Everest ba tare da iskar kwalba ba, ya riƙa cire nasa don ɗaukar hoto, a daren ya kwana da azabar ido. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu duk da ba mu da dusar ƙanƙara. Shi ne dai ciwon da yaron mai walda ke zuwa da shi asibiti da tsakar dare, an riƙo hannunsa, hawaye na zuba, fatar ido ta kumbura, yana rantsuwa yashi ne a idonsa. Ultrabayolet ne ya ƙona fatar gaban ido, wannan mai garai-garai da ke rufe baƙin. Muguntar ciwon ita ce ba ya nuna kansa nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12. A gida wannan daren wahala ne kawai. A kan tsauni, inda sai ka ga inda za ka taka kafin ka sauko, magana ce ta rai.

A nan akwai abin da ya kamata a rarrabe. Gilashi mai canza launi na ƙwarai yana tare ultrabayolet ko yana fari ko yana duhu. Duhun aikinsa rage ƙyalli ne. Tabarau mai duhu da ba ya tare ultrabayolet kuwa, irin wanda ake tallansa a kan allo a tasha, gara babu da shi: duhun zai sa 'yar ƙofar tsakiyar ido ta buɗe, hasken mai cutarwa ya sami hanya fiye da da. A nemi alamar UV400, in kuma da hali a kai shi wurin masu gwajin ido su ɗora a na'ura, domin buga alama a jikin firam ba wuya.

Shi duhun ma yana da ma'auni. Ƙa'idar duniya ta raba tabaran rana mataki biyar, daga 0 zuwa 4, bisa yawan hasken da suke bari ya wuce. Mataki na 0 kusan fari ne. Na 2 yana barin kashi 18 zuwa 43, na 3 kashi 8 zuwa 18, shi ne tabaran rana da aka saba. Na 4 kashi 3 zuwa 8 kawai yake bari, an yi shi ne don dusar ƙanƙara da manyan tsaunuka, kuma ba a tuƙi da shi. Duk mai canza launi da aka yi don wasanni yana ɗauke da lambobi biyu, inda yake farawa da inda yake tsayawa, kamar 0 zuwa 3, ko 2 zuwa 4. Waɗannan lambobin su ne tambayar farko da nake so mai saye ya yi, kafin launi, kafin suna, kafin farashi. Na yau da kullum da muke yankawa yana farawa fari ya tsaya a wajen 3, ba ya kaiwa 4.

Kilimanjaro ya nuna dalilin da lamba ɗaya ba ta isa. Ranar hawa ƙololuwa da tsakar dare ake tashi daga sansani, da fitilar goshi, cikin iska mai sanyi da ƙura, ana so a isa sama da fitowar rana. A cikin duhun nan ido na bukatar kariya daga iska, amma mai 2 zuwa 4 ba ya taɓa yin fari, ba za ka ga dutsen da ke gabanka da shi ba. Mai 0 zuwa 3 zai yi maka daren, ya bi ka har hantsi, sai dai ga mai idon da haske ke damu, ko wanda zai yini a kan farar ƙanƙara a Alps ko Himalaya, bai isa ba. Ni shawarata ga mai zuwa irin waɗannan wurare ita ce ya ɗauki biyu. Mutane ba sa son jin haka, tunda sun sayi mai canza launi ne don su huta da ɗaukar biyu.

A sararin sama matsalar jinkiri ce ta fi fitowa. Mai tashi da laima yana fili, ultrabayolet na samun gilashinsa kai tsaye, sama kuma akwai sanyi, saboda haka tabaransa na kaiwa ƙarshen duhunsa. Yin duhu sakanni ne zuwa minti guda, washewa kuwa mintuna take ɗauka, balle gilashin da ya yi sanyi. Idan da yamma ya gangaro cikin kwarin da dutse ya riga ya rufe wa rana, zai shiga inuwa da duhun da ya ɗebo a sama, daidai lokacin da yake bukatar hango wayar lantarki, da shinge, da tutar da ke nuna inda iska ta dosa. Siririyar waya ko da ido tsirara da ƙyar ake ganinta. Ga irin wannan na fi son gilashin da bai wuce mataki na 3 ba, da firam ɗin da za a iya ture shi sama da hannu ɗaya mai safa. Mai dirowa daga jirgi shi lissafinsa daban: daga wajen mita 4,000 faɗuwar kafin buɗe laima kamar minti ɗaya ce, a gudun kusan kilomita 200 a awa, da ƙyar gilashin zai sami lokacin gama canzawa.

Sannan duk abin da ya shiga tsakanin gilashin da rana yana kashe masa aiki. Kowa ya lura ba ya duhu sosai a cikin mota, saboda gilashin gaban mota ya riga ya shanye ultrabayolet ɗin. Haka murfin fuska na hular kwano yake yi, haka tabaran kare iska da ake ɗorawa a kai, haka gilashin ɗakin matuƙin jirgi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ja hankalin matuƙa a kan wannan gazawar, ta kuma ce su guji gilashin folarayiz, wato mai kashe ƙyallin da ke tasowa daga ruwa da kwalta. Shi wannan yana iya mayar da allon na'ura baƙi idan ka karkata kai, kuma mai laima da na'urarsa yake sanin ko yana hawa ko yana sauka. A kan ƙanƙara ma yana ɓoye sheƙin da ke nuna inda santsi yake.

Firam ma ba ado ba ne. Hasken da ya shigo ta gefen ido yana lanƙwasawa ya taru a ɓangaren da ke kusa da hanci, kuma a nan ne naman nan da ke tsirowa daga farin ido ya hau baƙin ya fi fitowa, wanda muke yawan gani a idon manoma da masunta da 'yan acaɓa. Don haka a zaɓi mai zagaye fuska ko mai marfin gefe, da igiya ta baya. Gilashin ya zama na roba mai jure duka, irin su folikabonet, ba na kwalba ba, wanda idan aka faɗi zai tarwatse a gaban ido. Rinin cikinsa kuma yana gajiya. Bayan 'yan shekaru duhunsa na raguwa, farinsa ya soma rawaya, musamman idan ana barinsa a gaban mota cikin rana. Kafin tafiya a rufe rabinsa da kati a fita da shi rana, a cire katin a duba bambancin ɓangarorin biyu. Idan bambancin kaɗan ne, ya tsufa.

In kuma duk da haka ido ya ƙone, a cire gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido in akwai, a shiga wuri mai duhu, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha maganin rage zafi, kada a murza. Kada a ɗiga ruwan sukari ko nonon uwa ko wani jiƙo, kuma kada a roƙi maganin kashe zafin da muke ɗigawa lokacin gwaji a ce za a tafi da shi gida, yawan amfani da shi yana hana fatar warkewa, har ya kai ga gyambo. Yawanci ciwon na lafawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ya wuce haka, ko gani ya ragu, ko ruwa mai kauri ya fara fita, a sauko a nemi likitan ido.