Matse Jakar Farko ta Linux a Tsofaffin Kwamfutoci

Mai gyaran kwamfuta a Tambuwal ko Kebbe, wanda yawancin abin da ake kawo masa tsofaffin na'urori ne masu ƙarancin wurin ajiya, yana da bukatar sanin initramfs, wato ƙaramar jakar fayiloli da ƙwayar Linux ke zazzagewa cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi da zarar an kunna na'ura, domin ta samu direbobin da za ta buɗe babban faifai da su. Tsarin ya shigo ne da Linux 2.6 a shekarar 2003.

A Debian da Ubuntu ana saita jakar a fayil ɗin /etc/initramfs-tools/initramfs.conf. Sanya MODULES=dep yana rage girmanta ƙwarai, tunda direbobin wannan na'urar kaɗai za a ɗauka, sai dai idan aka cire faifan aka kai wata kwamfutar, kamar yadda masu gyara ke yi kullum, tana iya ƙin tashi, saboda haka MODULES=most ya fi dacewa da shago. Wajen matsewa kuwa, xz ya fi ƙanƙantar da jakar amma yana jinkirin warwarewa a kan tsohon injin, lz4 ya fi sauri amma yana cin wuri, zstd kuma, wanda ƙwayar ta karɓa tun 5.9 a 2020, shi ne matsakaicin da ya fi cancanta.

Kada a ba da umarnin update-initramfs -u, wanda ke sake gina jakar bayan an canza saitin, sai batiri ya cika ko sola na aiki, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin jakar a gurgunce. Ya kamata kuma a bar tsohuwar ƙwaya a jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa lokacin kunna na'ura, har sai an ga na'urar ta tashi lafiya da sabuwar jakar.