Amsar Tambaya: Ina Zuba Yuriya, Me Ya Sa Gonata Ke Gajiya?

Tambaya: Ina noman masara a Matazu. Bayan kaka nakan ƙone ragowar kara, da damina kuma in zuba yuriya, amma gonar sai ƙara gajiya take. Ina mafita?

Amsa: Malam, wutar nan ce ke cinye maka gona. Kara, ganye, kashin shanu, har jikinka da nawa, duk a kan sinadarin kabon aka gina su. Masara na zuƙo shi daga iska, da taimakon hasken rana ta haɗa shi da ruwa ya zama sukari, daga nan ta yi garin ƙwaya da zaren kara. Kusan rabin nauyin busasshen kara kabon ne.

In kara ya ruɓe, gara da ƙananan halittun ƙasa su ci, su bar ƙasa baƙa mai laushi, irin wadda kakan gani a tsohon makwancin shanu, mai riƙe ruwa da taki. In ka cinna wuta kuwa, kabon da yawancin sinadarin naitirojin su bi hayaƙi, a bar ka da toka.

Yuriya kuwa, kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Tana ciyar da shuka, amma ba ta gina ƙasa. In ka watsa ta a fili ma, wani kaso iska zai bi. Tona ka binne ta a ƙasa mai danshi.

Don Allah bana kada ka ƙone. Ba dabbobi karan, ka mayar da takinsu gona kafin saukar damina.