Yadda Ake Ajiye Sanyi

Manoman Kura da Bunkure ba damina kaɗai suke jira ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ruwa yana bin magudanai har gonakinsu, suna noman rani. Suna shuka shinkafa da alkama da albasa da tumatir.

Amma tumatir ba shi da jimirin zafi. In an tsinke shi, aka kai kasuwar Kwanar Gafan, ba a sami mai saye da wuri ba, sai ya ruɓe cikin kwando. Shi ke nan, wahalar manomi ta tashi a banza. Maganin wannan kuwa sanyi ne.

To, yaya ake ajiye sanyi? A dubi ƙanƙara. Ba ta narkewa sai ta sha zafin abin da ke kusa da ita. Zafin da kilo 1 na ƙanƙara ke sha kafin ya gama narkewa, ya isa ya ɗumama kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 80. Muddin tana cikin narkewa kuwa, tana nan a digiri 0. Watau ƙanƙara rumbun sanyi ce.

Sai dai sanyin ƙanƙara ya fi ƙarfin tumatir, yana ɓata shi. Saboda haka masana suka koma ga wani irin kaki da ake samu daga ɗanyen man fetur. Akwai iri-iri, ko wane da digirin da yake narkewa, sai a zaɓi wanda ya dace da abin da za a adana.

Don kada kakin ya zube in ya narke, sai a rarraba shi ɗigo-ɗigo, a lulluɓe ko wane ɗigo da ɓawon roba, kamar ƙwai cikin ƙwansonsa. Ƙwayoyin nan ƙanana ne ƙwarai, in an tara su sai ka ce gari. Ƙanƙantarsu ita ke sa su saurin daskarewa da saurin narkewa.

Ana iya sa su a bangon ɗakin ajiya. Da rana, injin sanyi mai aiki da hasken rana ya daskarar da su. Da dare injin ya tsaya, su kuwa su yi ta narkewa a hankali suna shan zafin ɗakin, tumatir ya kwana lafiya.

Tambayoyi
1. Me ƙanƙara ke sha in tana narkewa?
2. Don me ake lulluɓe kakin da ɓawo?