Kada shafinku ya zama fayau a wayar mai saye

'Yan kasuwar Agege masu biyan kuɗi a gina musu shafin intanet, ku lura. Masu saye da yawa da waya suke shiga, wasu ta Opera Mini don tsimin data, inda bidiyo kan ƙi buɗewa. Manhajar Flash kuwa, kamfanin Adobe ya daina kula da ita tun ƙarshen 2020.

Ku sa mai gina shafin ya rubuta farashi, lambar waya da adireshi da rubutu zalla, kowane hoto da bayaninsa. Misali, a shafin dillalin shanu na Oko-Oba, in bidiyon bijimi ya ƙi fitowa, mai saye ya karanta "farin bijimi, kira mu". Kafin ku cika kuɗin aiki, ku kashe JavaScript a Chrome ɗin wayarku, ku gwada shafin da kanku.