Zaɓen Takalmi Domin Gudun Dogon Zango

A shekarar 1960, Abebe Bikila ɗan ƙasar Habasha ya ci gudun fanfalaki na wasannin Olamfik a birnin Rum, kilomita 42 da ɗoriya, ba takalmi a ƙafarsa. Amma kada ɗalibi ya ruɗe, ƙafar nan ta daɗe da horuwa.

Akwai takalmin gudu marar nauyi, wanda ƙasansa ba kauri, dunduniyarsa kuma ba tudu. Yana barin ƙafa ta yi aikinta. In hanyar tseren ta haɗa kwalta da burji da tsakuwa, ga abin dubawa:

1. Ƙasansa ya zama mai gurza-gurza saboda santsi, ya kuma iya tare ƙaya.
2. Gabansa ya yi faɗi, yatsu su sake.
3. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Wanda ya saba da takalmi mai kauri ya fara da gajeren gudu, yana ƙarawa mako-mako. In ya yi garaje, agara da sharaɓa za su sha wuya. Kada kuma kowa ya shiga tsere da sabon takalmi. Sannu ba ta hana zuwa.